Gaisuwar da Muka Kai Gidan Su Attahiru

Na bar aiki yanzu, amma ba na jin akwai ranar da zan manta da Larabar da muka cika motar ofis muka tafi Argungu yin ta'aziyya. Na je gaisuwar mutuwa da sunan ofis sau da yawa, domin yana cikin aikina. Wannan ce kaɗai na dawo daga ita na kasa haɗa ido da waɗanda muka tafi tare. Ku da kuka shigo aiki bayanmu kun tarar da wasu abubuwa a shimfiɗe, kuna ɗauka haka suke tun asali. Shi ya sa nake son ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ni ce jami'ar kula da ma'aikata a ofishinmu na Birnin Kebbi, wanda ke aiki da manoman shinkafar fadama. Ga wanda bai san aikin ba, duk abin da ya shafi ma'aikaci, ba gona ba, ta teburina yake bi: ƙarin girma, sauyin wurin aiki, tuhuma, da hutu. Hutun kuwa iri-iri ne. Akwai na shekara, wanda kowa ke da haƙƙinsa amma sai an tsara lokacinsa tun da wuri. Akwai na rashin lafiya, wanda sai da takardar likita, kuma sai in kai ne marar lafiyar. Akwai na haihuwa ga mata. Sai kuma na rasuwa, wanda ake ba mutum nan take in ya rasa mahaifi ko mahaifiya, mata ko miji, ɗa, ko wanda ya riƙe shi. Wannan na ƙarshe ne kaɗai ba a ja wa mutum rai a kansa. Waya ɗaya ta isa. Kuma al'adarmu ce in an yi wa ma'aikaci rasuwa, in rubuta sanarwa in manna a allon da ke bakin ƙofa, sannan a tashi wakilai su je gaisuwa.

Malam Attahiru malamin gona ne a ƙarƙashin sashen fadama. Shi ke kula da manoman Zauro da na wajen Ambursa. Mutum ne marar yawan magana, irin wanda in ya shigo ofis zai gaishe ka, ya ajiye rahotonsa, ya hau babur ɗinsa ya koma cikin laka. Manoma suna sonsa domin ba ya tsayawa a kan kunya yana nuni da yatsa, naɗe wando yake yi ya shiga. Yana da ɗakin haya a nan Birnin Kebbi, iyalinsa kuma suna Argungu a gidan baffansa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifinsa. Abin da na sani game da gidansu ke nan, sai kuma cewa baffan nan, Baffa Manu, ya daɗe yana jinya. Attahiru ya sha neman izinin fita da wuri ranar Juma'a don ya kai shi asibiti.

Ranar Litinin da safe, ana tsakiyar dashen shinkafar rani, lokacin da ba a son malamin gona ya ɗaga ko da wuni ɗaya, sai wayarsa ta shigo. Muryarsa a dushe take.

Ya ce, "Hajiya, ba zan samu shigowa ba. An yi mini rasuwa."

Na yi salati, na ce, "Wa ya rasu?"

Ya yi shiru. Ina jin numfashinsa, ina jin hayaniyar mutane a bayansa kamar a asibiti. Da shirun ya yi tsawo sai na ce, "Baffan naka ne? Jikin ne ya ƙi?"

Ya ƙara yin shiru, sannan ya ce, "Sai haƙuri, Hajiya."

Na yi masa ta'aziyya, na ce ya zauna har mako ya fita, zan sanar. Kafin ya kashe wayar ya ce, "Don Allah ba sai kun wahalar da kanku da zuwa ba, aiki ya yi yawa." Kowa haka yake cewa, don haka ban sa maganar a raina ba. Na rubuta sanarwar rasuwar Baffa Manu na manna a allo. Mutane suka riƙa tsayawa suna karantawa suna addu'a.

Wanda ya jagoranci tafiyar shi ne Mataimakin Darakta, Alhaji Maccido, shugaban su Attahiru kai-tsaye. Ba mugun mutum ba ne. Yana da kyauta, yana kuma da barkwanci, irin barkwancin manya da ƙananan ma'aikata ke yi wa dariya ko da bai ba su dariya ba. Mata mu biyu ne, ni da Madam Rahila, kashiyarmu, mutuniyar Filato da ta daɗe a unguwar Gesse ta nan Birnin Kebbi har 'ya'yanta sun fi ta iya Hausar nan. Sai malaman gona biyu, abokan aikin Attahiru, da direba. Muka saka buhun shinkafa da goro a bayan mota kamar yadda aka saba.

Tun da muka shiga layin gidan na ji wani abu bai zauna mini ba. Ranar uku ce, ranar da ya kamata a ga tabarmi a shimfiɗe har bakin hanya, da takalma, da mutane. Babu ko ɗaya. Ƙofar gidan shiru. Wani tsoho ne kawai zaune a inuwar bango, ramamme, da bargo a kafaɗarsa, yana ɗinke ragar kamun kifi a hankali. Na ce a raina wataƙila a wani gidan dangi ake zaman makokin. Muka gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya sa aka kawo wa maza tabarma. Ni da Madam Rahila muka yi sallama muka shige ciki.

Wata dattijuwa muka tarar a tsakar gida tana dama kunu. Ita ce matar baffan, Inna. Na durƙusa na ce, "Inna, daga wurin aikin Malam Attahiru muke. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Ta ajiye ludayin ta dube mu. Ta ɗan jima tana kallonmu, sannan ta ce, "Mun gode Allah. Don wagga magana kunka taho tun daga Birnin Kabi?"

Na ce, "Ai dole ne, Inna. Namu ne."

Ta share hannunta a zane ta ce, "To ku taho, tana ɗaki."

Ban gane wa take nufi ba. A tunanina ita ce mai takaba, ita ya kamata mu zauna wa. Amma muka bi ta. Ta ɗaga labulen wani ɗaki ta ce, "Kulu, tashi. Ga mutanen wurin aikin Attahiru sun taho miki gaisuwa."

Kulu matar Attahiru ce. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Tana kwance a katifa, fuskarta fari fat, leɓɓanta a bushe, akwai filasta a bayan hannunta inda aka sa mata ƙarin ruwa. Ta yunƙura ta jingina da bango. Muka zauna a gefenta. Na buɗe baki na ce, "Sannu Kulu. Ya haƙuri?"

Ban ƙarasa ba ta rufe fuska da mayafi ta fara kuka. Ba kukan ihu ba ne. Jikinta ne kawai ke rawa. Ina shirin cewa Allah ya jiƙan Baffa, sai Madam Rahila ta damƙe hannuna ta matse shi da ƙarfi. Idonta na kan wata roba da ke kusurwar ɗakin, da tulin tsummoki wankakku, da ledar magunguna. Ita ta riga ni ganewa.

Da Kulu ta samu numfashi sai ta ce, "Ku yi haƙuri. Tun ranar da abin ya faru kowa sannu yake ce mini, ya jiki, kamar wadda ta yi zazzaɓi. Ku ne na farko da kuka ce mini ya haƙuri."



Ta ce, "Watansa shida. Namiji ne. Ba su so in gan shi ba, na ce sai na gani. Komai nasa ya fito, Hajiya, har farce." Ta kalli hannunta. "Wannan ne na uku, amma shi ne ya fi daɗewa. Har na fara jin motsinsa in na sha ruwan sanyi."

Inna ta ce daga bakin ƙofa, "Bari, Kulu. Allah shi kawo rayayye." Sannan ta juyo gare mu. "Jini ta zubar ƙwarai. Da Attahiru bai kwana gida ba ran nan, da wata magana ake yi. Malam da kainai, da ciwon nan nai, sai da ya bi su asibiti. Ai kun gan shi nan ƙohwar gida."

A nan ne na tabbatar wane ne tsohon da ke ɗinkin raga. Baffa Manu ne, wanda na manna sanarwar rasuwarsa a allo.

Kulu ta ci gaba da magana, ita ba ta san komai ba. Ta ce ba ta zaci za mu zo ba. Ta ce ba ta ma zaci Attahiru zai gaya mana ba, domin wancan karon da ya nemi izini ya dawo gida ransa a ɓace, ya ce ba zai sake kai maganarta ofis ba. Ta ce, "Ashe akwai masu tausayi a cikinku. Allah ya saka muku. Ku gode wa maigidan nasu, don Allah."

Wancan karon ina wurin. Wajen shekara biyu kafin nan ne. Ina tsaye a ofishin Alhaji Maccido da fayil a hannuna, akwai wasu mutane a zaune, Attahiru ya shigo ya rage murya ya ce yana neman kwana biyu, iyalinsa ta yi ɓari. Alhaji ya ɗago ya ce, "To Attahiru, kai ka yi ɓarin ko ita? Wannan ai sha'anin mata ne, ba ka da tsohuwa a gida?" Aka yi dariya. Attahiru ma ya yi murmushi, ya ce haka ne ranka ya daɗe, ya fita. Washegari yana Zauro cikin laka. Ni kuwa na ci gaba da abin da ya kawo ni, na karɓi sa hannu na koma teburina. Ban sake tuna maganar ba sai da nake zaune a gefen katifar Kulu tana sa mini albarka.

Madam Rahila ce ta ɗauki nauyin zaman. Ta matsa kusa, ta riƙe hannun Kulu, ta tambaye ta ko nono yana damunta. Kulu ta gyaɗa kai, ta ce shi ne abin da ya fi mata ciwo, ya cika kuma babu mai sha. Madam ta gaya mata yadda za ta ɗaure ƙirji da abin da za ta tambayi ma'aikaciyar asibiti. Ni na yi addu'a, na ce Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ta lafiya, ya mayar mata da alheri. Addu'ar daga zuciyata ta fito, amma ina yi ina jin kamar na saci godiyar da ba tawa ba.

Daga baya direba ya ba ni labarin abin da ya wuce a wurin maza kafin fitowarmu. Alhaji Maccido ya gyara zama ya ce wa tsohon, "Baba, mun zo gaisuwar Baffa Manu ne, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta." Tsohon ya ɗaga hannu ya ce amin. Sannan ya ce, "Amma ni na Manu." Ya tambayi wanda ya ce musu ya mutu, Alhaji ya ce sanarwa aka manna a ofis, Attahiru ne ya yi waya. Tsohon ya koma kan ɗinkinsa.

Muna fitowa kuwa sai ga Attahiru ya shawo kwana a kan babur, da ledar magani rataye a hannu. Da ya ga motar ofis sai ya tsaya nesa kaɗan. Na ɗauka juyawa zai yi. Ya kashe babur ɗin, ya tako a hankali, ya zo ya durƙusa a gefen tabarma kansa a ƙasa. Ko sallama bai iya yi ba. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka a gaban idona ba.

Alhaji Maccido ya ce, "Attahiru, mene ne wannan?"

Tsohon ne ya amsa. Ya ajiye ragar ya ce, "Alhaji, bari in hwaɗa maka, tunda ni aka kashe. An yi mutuwa gidanga. Bai yi muku ƙarya ba nan. Ɗanai ya zo ba rai. Shi ya ɗauko shi daga asibiti cikin ɗan zane, ni da shi munka tahi maƙabarta, mu biyu, ba salla ba jama'a. Shi ya yi ramin da hannunai. Da munka dawo ba wanda ya shimhiɗa muna tabarma." Ya yi tari mai tsawo, ya share baki. "In sai da sunana za a bar shi shi zauna wurin matatai, na yahe mishi. Ni dai tahiyata ba ta da nisa. Tunda kun taho, ku yi addu'ar da kunka taho yi."

Muka ɗaga hannu. Alhaji Maccido, wanda ba ya rasa abin faɗa a ko'ina, sai da ya yi gyaran murya sau da yawa kafin ya fara. Attahiru bai ɗago ba har aka shafa. Direba ya sauke buhun shinkafar ya jingina a zaure, babu wanda ya ce masa ya sauke, babu wanda ya ce kada ya sauke. Da za mu tafi na tsaya kusa da Attahiru na ce masa a hankali, "Kulu ba ta san yadda aka yi ba. Ba mu gaya mata ba." Ya gyaɗa kai, idonsa na kan takalminsa.

Muka kama hanyar komawa ta gefen fadama. Ana jin ƙarar injinan ban-ruwa ta taga, mata da maza sun duƙa suna dashe. Sai da muka kusa Ambursa Alhaji Maccido ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Hajiya, kin san dai a ƙa'ida wannan maganar kwiri ce."

Kwiri ita ce takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce. Ba da bayanin ƙarya don samun hutu babban laifi ne. In ta shiga fayil ɗin mutum takan bi shi har wurin ƙarin girma, Attahiru kuwa yana cikin waɗanda za a duba a shekarar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai ce baffansa ya rasu ba. Cewa ya yi an yi masa rasuwa. Ni na kawo sunan baffan, shi kuma ya kasa gyara mini."

Ya ce, "Me zai hana shi gyarawa? Baki gare shi. Da ya faɗi gaskiya wa zai hana shi?"

Na ce, "Ya taɓa faɗa." Na tuna masa da ranar da abin da ya ce.

Ya ce, "Ni ban tuna na faɗi haka ba."

Na yarda bai tuna ba. Na ce, "Ina wurin, ranka ya daɗe. Ni ma ban ce komai ba ranar."

Sai Madam Rahila ta yi magana daga bayan mota, muryarta a kwance kamar tana karanta rasit. Ta ce, "Yallaɓai, ka tuna shekarar da masu binciken kuɗi suka zo, ka yaba mini a mitin cewa ban tashi daga kujera ba wuni guda? Ban iya tashi ba ne. Ana gobe za su zo cikina ya zube. Zane na ninka na zauna a kai. Mijina yana wurin aikinsa, shi ma bai gaya wa kowa ba." Ta juya tana kallon waje. "Ba ina ƙorafi ba ne. Ban ga layin da zan rubuta shi a takardar hutu ba, kuma ban so a riƙa kallon cikina."

Shekarunmu da yawa da Madam a ofis ɗaya. Tare muke cin abincin rana. Na je bikin 'yarta, ta zo sunan jikana. Ban taɓa sanin wannan ba. Ni Allah bai jarrabe ni da ɓari ba, duk cikin da na ɗauka na haife shi, don haka na yi ta raba wa mutane hutu ban taɓa lura da ramin da ke tsakiyar tsarin ba. Malaman gonan nan biyu suka sunkuyar da kai. Alhaji Maccido bai sake ambaton kwiri ba, ranar ko bayanta.

Washegari tun kafin mutane su iso na cire sanarwar daga allo. Amma an riga an karanta ta, kuma mota mai mutum shida ba ta riƙe sirri. Kafin azahar labari ya zaga ofis. Wasu sun tausaya. Wasu sun mai da shi abin dariya, har na ji wani a bakin famfo yana cewa Attahiru ya kashe baffansa ya tashe shi. Na tsawata masa, amma magana ta riga ta fita.

Na shiga wurin Darakta na yi masa bayanin komai. Ya saurara, ya ce ba za a tuhumi kowa ba. Sai ya tambaye ni a wane babi za a saka kwanakin da Attahiru ya yi. Na ce na rasuwa. Ya ce ƙa'ida ba ta san wannan a matsayin rasuwa ba, ɗan da bai yi kuka ba ba a lissafa shi. Na ce to na rashin lafiya. Ya ce ba shi ne marar lafiyar ba. A ƙarshe daga hutunsa na shekara aka cire kwanakin, kuma ni na rubuta da hannuna. Na nemi izinin rubuta shawara a kan lamarin, ya ce in rubuta. Madam Rahila ta taya ni. Alhaji Maccido ya sa hannu a ƙasa ba tare da ya ce uffan ba, kuma na ji daga baya shi ya riƙa bin takardar a sama duk lokacin da ta kwanta.

Attahiru ya dawo aiki ranar Litinin. Rahotonsa ta hannun wani yake aikowa. In dole ta sa ya shigo ofis, yakan zaɓi lokacin salla, sa'ar da babu mutane. Bayan girbi sai ya kawo mini takardar neman a mayar da shi ofishinmu na Argungu. Na rufe ƙofa na ce ya zauna.

Na ce, "Malam Attahiru, in don abin da ya faru ne, babu mai riƙe da kai. Mu ne ya kamata mu ji kunya."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Kun yi mini kirki. Amma duk wanda ya gaishe ni yanzu sai in ga ko dai yana tausaya mini ko yana danne dariya. Na kasa bambancewa. Kuma har yau ban iya zama in ci abinci da Baffa ba. Shi ya ce ya yafe, har tsokanata yake yi. Ni ne na kasa. Gara in koma kusa da shi in yi ta yi masa hidima, ko zan samu sauƙi."

Na tambaye shi jikin Kulu. Ya ce da sauƙi. Ya ce har yanzu tana ba mutane labarin yadda ofishin mijinta suka zo mata gaisuwa da mota guda, har da babban maigida, kuma a gidan an haɗa baki ba wanda zai gaya mata yadda aka yi. Ya roƙe ni in wani lokaci na haɗu da ita kada in gyara mata. Na yi masa alkawari, shi ya sa ma na sauya sunaye a wannan labarin.

An ba shi sauyin. Manoman Zauro sun turo wakilai har ofis suna roƙon a bar musu shi, ba a samu yi ba. Shawararmu kuwa ta daɗe tana yawo daga tebur zuwa tebur kafin ta dawo da amincewa, kuma ba duk abin da muka nema aka ba mu ba. Abin da aka yarda da shi shi ne abin da kuka tarar: macen da ta yi ɓari tana da 'yan kwanaki bayan waɗanda likita ya rubuta mata, mijin da matarsa ta yi ɓari shi ma yana da nasa, kuma magana tana tsayawa tsakanin mutum da jami'in ma'aikata, ba allo, ba wakilai, sai in shi ya nema. Kwanakin ba su da yawa. Ban taɓa jin sun ishi kowa ba. Attahiru bai amfana da su ba, kuma har na bar aiki shi da Kulu ba su samu haihuwa ba.

Abin da na koya a aikin nan shi ne ma'aikata ba su cika yin ƙarya don son ƙarya ba. Sau da yawa suna duba ƙofofin da muka buɗe musu ne, in babu wadda ta dace da abin da ya same su sai su lanƙwasa kansu su bi ta wadda ke akwai. Kuma ƙa'idar da aka rubuta ba ta aiki ita kaɗai. Tun da aka kafa ta, matan da suka zo mini sun zo ne suna raɗa, mazan kuwa sai sun gama zagaye-zagaye, wani ma ya kai bakin ƙofa ya juya. Mutanenmu suna da kunya a kan abin da ya shafi ciki, kuma ba laifi ba ne. Nauyin yana kan wanda ke zaune a bayan tebur. In wani ya shigo muku yana kame-kame, ku sallami wanda ke ofis ɗin, ku tashi ku rufe ƙofa, ku ajiye biro. Kada ku yi masa wasa, ko da wasan ya zo muku a baki. Wataƙila jiya ya binne wani wanda ba a shimfiɗa wa tabarma ba, kuma ku ne kaɗai za ku ce masa ya haƙuri.